Sanyin da Nazifi Ya Saya

Duk wanda ya bi kwaltar Dogon Dutsi ya ga baƙin kangon da ke hannun hagu kafin a shiga gari. Baƙi kan ɗauka gobara ce kawai ta ci shi. Mu da muka san Nazifi ɗan Mani mun san abin ya fi haka.

Nazifi ya yi karatun odinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ya dawo gida da burin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Ma'ajiyar bayanai yake son ginawa, wato babban gida cike da injinan da ake kira sarba, inda bankuna da kamfanonin waya za su kama haya su adana bayanansu. Igiyar intanet tana binne gefen kwalta, fili kuma ba tsada. Wasu attajirai biyu suka yarda su zuba jari, amma sai ya fara gwadawa da ɗaki guda. Sarba ba ta shiri da zafi. Bazara na shigowa kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa, na'urorin sanyi suka gaza, injinan gwaji suka mutu cikin mako biyu. Attajiran suka daina ɗaga wayarsa.

Nazifi ne mai zagin ƴan bori a majalisa, mai cewa duk shirka ce. Amma ran wata Talata ya hau babur ya wuce Tibiri, ya saki hanya, ya gangara wani kwazazzabo inda boka Altine yake zaune shi kaɗai. Ko masu iskokin garin Lugu ba sa son ambaton sunansa.

Rana na tsaka, ƙasa na ƙuna, amma da Nazifi ya sunkuya cikin bukkar bokan sai haƙoransa suka kama haɗuwa don sanyi. Wata baƙar tukunya tana binne har wuya, an ɗaure bakinta da jan tsumma. Ƙahonin bunsuru na rataye a sama, busasshen jini ya yi kauri a kansu, ko ƙuda ɗaya babu. Altine bai ɗago kai ba.

"Mi kaka so?"

"Sanyi nika so, Baba. Sanyin da ba shi yankewa, ko da kuran ko babu."

"Zahi ba shi mutuwa, ɗan Mani. Wuri shika sakewa. In Doguwa, iskar da nika bauta wa, ta hidda shi daga ƙarahunanka, sai ta aje shi wani wuri."

"Ni dai ban kisan kai."

"Wa ya ba ka wuƙa? Ɗebo min ruwan randar gidanku da guntun waya daga injinka. Sauran aikin nata ne."

Nazifi ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar, ya zaɓi kada ya tona. "In na so a daina hwa?"

"Ka kashe injinan da hannunka, ka bar su kashe. Ran nan an rabu." Altine ya yi murmushi. "Ban taɓa ganin wanda ya so a daina ba."

Kashegari ya kawo ruwan cikin gora. Boka ya yanka baƙin zakara bisa bakin tukunya, ya naɗe wayar da hanjinsa, ya jefa ciki, ya tsiyaya ruwan. Ruwan ya tafasa ba wuta.

Ɗakin gwaji ya yi sanyi, attajiran suka dawo, cikin shekara guda gini ya tashi, fari fat, ba taga, da katanga da masu gadi da faranta masu zuƙar rana shimfiɗe a bayansa. Injiniyoyin da suka zo daga Yamai suka auna ɗakin injina, suka sake aunawa, suka koma suna kaɗa kai. Na'urorin sanyi da ƙyar suke motsi, ɗakin kuwa kamar cikin ƙanƙara. Masu haya suka yi layi. Nazifi ya sayi mota, ya rushe gidan ubansa ya mayar da shi na siminti. Randar dai tsohuwarsa Shatu ta hana a taɓa, wai ruwan firiji ba ya kashe mata ƙishi.

Satin da aka kunna jerin injina na biyu, Shatu ta kwanta. Jikinta ba ya taɓuwa. A likita aka gwada masassara, aka gwada komi, ba a ga ciwo ba. Aka riƙa lulluɓa mata jiƙaƙƙen zane yana bushewa nan take. Kwana huɗu ta cika. Matan da suka yi mata wanka sun ce gawar ba ta huce ba har aka ɗauke ta.

Nazifi ya gane. Daga ranar bai ƙara shan ruwan gidan ba, sai na kwalba a ofis. Bai ce wa kowa uffan ba. Yana kallo matarsa Zubaida na ɗiban ruwan randa tana ba ɗiyarsu Rumaisa'u, ƴar shekara shida, ya kau da kai ya fita.

Da aka kunna jeri na uku, ƙanensa Ibrahim, malamin lekwal da ke zaune gidan, ya tuɓe a gaban ɗalibai yana ihu wuta na cin kansa. Aka ɗaure shi da mari, ya tsinke, aka tsamo gawarsa a rijiyar bayan gari.

Da jikin Rumaisa'u ya fara ɗumi, Zubaida ta same shi ofis, ta rufe ƙofa.

"Baban Rumaisa'u, na lura. Duk ran da ka ƙara ƙarahunan nan sai gidanmu ya yi gawa. Mi ka yi?"

Ya gaya mata duka, har da maganin abin.

"To tashi ka kashe su."

"Kwantarar da na sa wa hannu da masu haya ta hana a tsaya ko minti guda. In na kashe, masu haya sun watse, na koma ba kowa ba."

"Ɗiyarka ce."

"Ki kai ta likita. Bari wata shi ƙare, in ga yadda za a yi."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Ya kira mai gadi ya ce a raka Hajiya mota.

Yarinyar ba ta kai Juma'a ba. Zubaida ba ta jira sadakar uku ba, ta koma gidan ubanta a Matankari da zanen jikinta, ba ta ƙara sa ruwan gidan a baki ba. Gida ya zama kufai, ba mai sha daga randa.

Zafin ya rasa masauki, sai ya nemi wanda ya ɗebo ruwan da hannunsa. Ranar kasuwa da hantsi Nazifi na tsaye tsakanin injina ya ji ƙashinsa na dahuwa. Ya rarrafa wajen makunni zai kashe, ƙarfen ya manne da tafinsa. Wayoyi suka narke, batura suka fashe, masu gadi suka jawo shi waje fata na saɓulewa. Kafin la'asar ba abin da ya rage sai bango.

Bai mutu ba. Yana nan bakin tabkin gari, kwance cikin laka rani da damina, yana roƙon masu wucewa su watsa masa ruwa. Wasu na watsawa. Waɗanda suka ɗauki makarar Rumaisa'u wucewa suke yi.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji da kyau. Boka ba ya sayar da abin da ya mallaka, naka yake karɓa ya miƙa wa wadda yake bauta wa, kuma daga waɗanda suka fi yarda da kai ake farawa. Nazifi ya san haka tun a kan gawar uwarsa, makunni na kusa da hannunsa kullum, bai miƙa hannun ba sai da wutar ta zo kansa.