Jan Tulun da Bai Gama Gasuwa Ba

Na san da yawa za su ƙaryata ni, amma gidanmu na Ruan bai taɓa yin suna da shaci-faɗi ba a duk garin Jingdezhen. Yayata Shulan ta ga wuta a tanderun da aka daina hurawa tun zamanin kakan kakanmu.

Bikin ɗiyarta ne ya gabato, ta ƙudura cewa sai jan tulun tangaran na gado ya shiga kayan ɗaki. Irin jan nan ne na tagulla mai kama da jinin sa, wanda wuta kan ba mutum sau ɗaya ta hana shi sau ɗari. Tulun na ajiye a cikin tsohon tanderun gidanmu, a hayin kogi. Al'adarmu ita ce ba a fitar da ja daga tanderu sai an zuba giyar shinkafa a bakin ƙofa, an nemi izinin wanda ya hura masa wuta, ko yana raye ko ya mutu. Shulan ta yi karatu mai zurfi, ta ɗauki wannan a matsayin camfin tsofaffi.

Da la'asar sakaliya ta shiga kwalekwale. Mai fito ya dubi hannunta, ya ga ba goran giya.

"Uwargida, haka za ki je wa dattijon tanderun hannu rabbana? Ko ni mai rai ba a yi mini haka."

Ta ce masa ya ja kwalekwalensa, ba shawara ta zo saye ba.

Ta sunkuya ta shiga tanderun, ta ɗauko tulun. Da ɗumi ta ji shi, ta ce ai rana ce ta gasa bulo. Ta ƙyasta shi da farce don ta ji amon tangaran. Amo bai fito ba. Tari ta ji, na tsoho, daga cikin tulun.

Ta fito da sauri ta kama hanyar kogi. Rana na faɗuwa. Warin hayaƙin ɗanyen itace ya biyo ta, ga shi ba mai hura wuta a wannan hayin. Tulun na ƙara zafi. Jan ya soma narkewa, yana bin yatsunta.

Aka yi raɗa a ƙeyarta.

"'Yar nan, wa ya ce miki ya gasu? Mayar mini."

Ba ta waiga ba. Ta koma da gudu, ta kutsa har ƙuryar tanderun, ta dire shi.

Sai ta ji ƙwas a bayanta. Bulo a kan bulo. Haka ake toshe ƙofar tanderu kafin a kunna wuta.

Ƙwas.

Hasken ƙofa ya ragu zuwa rabi. Ƙasa ta yi ja a ƙarƙashin takalmanta.

Ƙwas.

"Kaka, ka yafe ni. Ban nemi izini ba."

Ƙarar bulon ta tsaya. Ta yi rarrafe ta tura kanta ta 'yar kafar da ta rage, gashinta na ƙauri.

An yi biki ba tare da tulun ba, ba ta kuma sake haye kogin ba. Tafukan hannunta sun zama ja mai sheƙi, sabulu bai fitar ba, shi ya sa take sa safar hannu ko da bazara. Masu yaɗa cewa wata cuta gidanmu ke ɓoyewa su je titin masu magani su tambayi Likita Fu Dehai. Shi ya duba hannun a ranar, ya ƙyasta tafin da farcensa, ya ji amon tangaran.