Shayin Kaka Isa

Ku matso, yara! Wannan da idona na gani, ba ji na yi ba. Lokacin ni ke ɗebo wa mutanen unguwar Jarwal ruwa, kuma duk Makka babu mai ƙarfina.

Akwai wata yarinya a bayan gidanmu. Wata shekara kakanta, Malam Isa, ya iso daga ƙauyensu tun kafin azumi. Manomi ne. Burinsa ɗaya: ya tsaya a Arfa.

A ƙauye kullum yana gona. A Jarwal kuwa sai zama. Ga shayi mai sukari, ga dabino, ga kitsen rago, ga shisha. Tumbi ya fito. Sai ƙishirwa da yawan fitsari.

'Yarsa Ummulkhairi, uwar yarinyar, ta kai shi wurin likitan alhazai.

Likita ya ce, "Baba, ciwon sukari ne. Ciwon nan yana wahalar da zuciya. In aka haɗa shi da kitse da taba da yawan zama, sai ta gaza. Ka bar su, ka riƙa takawa."

Ummulkhairi tana fita sayar da abinci, don haka ta damƙa shi a hannun yarinyar. "Shayi ba sukari. Da la'asar ki raka shi Harami da ƙafa."

Washegari Kaka ya kurɓi shayi, ya ɓata fuska.

"Amarya, haka ake yi wa miji? Wannan ai ruwan wanki ne."

"Inna ta hana, tsoho."

"To dabinon Madina fa? Abin albarka yana cuta ne?"

Yarinya ta ji tausayinsa. Ta zuba sukari, ta miƙo dabino. Da la'asar kuma sai su tsaya a bakin lungu. Shi ya zauna wurin mai shisha, ita ta tafi wasa. In za su shiga gida, sai ya yi ta share gumin ƙarya.

Ran nan yana hawa matakala, sai ya dafe ƙirji ya durƙusa. Gumi na gaske ya keto. Ni na saɓa shi zuwa wurin likita.

Likita ya duba shi, ya tambayi Ummulkhairi, "Yana kiyayewa?"

"Kullum. Ba sukari, kuma yana takawa."

"To in duk ya kiyaye kuma aka yi haka, bana ba shi ba Arfa."

Kaka ya juya fuska bango. Yarinya ta fashe da kuka.

"Inna, ƙarya ne. Ni ke zuba masa sukari. Ba ma zuwa Harami, shisha yake sha."

Likita ya ce, "Gara da kika faɗa. Yanzu na san abin da zan gyara. Ya huta tukuna, sannan ya fara takawa a hankali. In ya kiyaye, za mu gani."

Ummulkhairi ta dubi 'yarta. "Kin ji tausayin bakinsa, kin manta da zuciyarsa."

Daga ranar amarya ta zama dogari.

"Ɗan sukari kaɗan, amarya?"

"Babu."

"Zan sake ki fa!"

"Sake ni. Yalla, maza tashi mu taka."

Jiki ya yi sauƙi, haki ya ragu. Da lokaci ya zo, likita ya yarda. Malam Isa ya tsaya a Arfa, hannu sama, jikarsa na gefensa. A hanyar dawowa har tsere ya yi da raƙumi, ya bar shi a baya.

Yara, in an ba ku amanar marar lafiya, ku ba shi abin da zai amfane shi, ba abin da yake kwaɗayi ba. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri.

Tseren raƙumin nan dai, ni na ƙara. A kan jaki ya dawo, yana gyangyaɗi.