Layar da Kimba Ya Ɗaura a Katin Hoto

Ana gab da kiran magariba Sabitu ya fara jan ƙofar shagonsa. Shekarar 1990 ce, kuma duk Zongon Lome ba wanda ya kai shi gyaran talabijin, ga shi har ya fara taɓa kwamfuta. Sai wata baƙar mota ta tsaya. Tchakoura, direban wani ƙusa a jam'iyya, ya fito rungume da kwamfuta.

"Malam Sabitu, ta ɗan patron ce, wato ɗan maigidana. Yana cikin wasa sai hoton ya tarwatse. Yau yake son ta."

"Ba Kimba ke duba muku ita ba?"

"Kimba ya kasa," in ji Tchakoura, ya kau da kai.

Mako uku ke nan ba wanda ya ga Kimba, abokin sana'ar Sabitu, tun ranar da ya mayar da wannan kwamfutar gidan ƙusan a unguwar Djidjolé. A zamanin nan in babban mutum ya ce ka kasa, to, sai dai a daina ganinka, tambaya ma laifi ce. Allah wadaran zamani irin wannan!

Tchakoura ya tafi cin tsire a bakin titi. Ladan ya kira salla, Sabitu ya ce a ransa zai rama.

Ya kunna kwamfutar. Wasan da ke cikinta ba wani abin kirki ba ne, ɗan mutum ne ke bin lungu yana buɗe ƙofofi. Ta farko. Ta biyu. A ta uku sai allon ya yi ƙiiit, launuka suka watse, komai ya daskare. Ya sake loda pilote daga faifai, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto na cikin injin. Haka dai. Ya canza waya. Haka dai. Sai ya kwance murfin.

Ga laya nan, ɗinkin jar fata, an ɗaure ta da wayar tagulla a kan katin hoton, daidai inda zafi ke fita. Murɗa uku da lanƙwasa ɗaya. Ɗaurin Kimba ne, ko a mafarki ya san shi.

"Kai, Kimba, baƙauye!" ya ce. "Ka toshe wa kati iska, ta ina zai yi aiki?"

Kowa a Zongo ya san ba a kwance abin da wani ya ɗaure sai an ji dalili, balle da magariba. Amma tsoro da taƙamar boko sun haɗu sun rufe wa Sabitu ido. Ya sa filaya ya datse wayar, ko bisimilla babu.

Ya kunna. Ƙofa ta farko. Ta biyu. Ta uku ta buɗe.

Ya yi ajiyar zuciya. Sai ya ji wari.

Warin fitsari da jiƙaƙƙen siminti ne ke fitowa ta fankar injin. Abin da ke allon kuma ba zane ba ne. Ɗaki ne mara taga, mutane a jere sun fuskanci bango. Wani dogon abu na tsaye a kansu, wuyansa ya tanƙware a rufin ɗakin.

Sarƙa ta yi ƙara. Ba daga injin ba, daga bayansa.

Ɗaya daga cikin mutanen ya juyo.

"Sabitu," ya raɗa. Muryar Kimba ce. "Na rufe. Don me ka buɗe?"

Dogon abin ya juyo shi ma. Ya tako. Gilashin allon ya fara kumbura kamar ƙullu.

Sabitu ya fizge wayar wuta.

Allon bai mutu ba.

Wani baƙin yatsa ya ɓullo, gaɓarsa biyar.

Sabitu ya lalubo layar a ƙasa, ya danna ta a kan katin da hannunsa. Ƙaurin namansa ya cika shagon. Bai saki ba, yana ta jan a'uziyya.

Ƙiiit. Launuka suka watse.

Shiru.

Da hagu da haƙori ya murɗe wayar, ya mayar da murfin. Yanzu ya gane Kimba bai kasa ba, ƙi ya yi. Tchakoura ya leƙo yana sakace.

"Ta gyaru?"

"Saura kaɗan. Bari in aro wani ƙarfe a maƙwabta."

Ta ƙofar baya ya fita. Bai tsaya ba sai Aflao, a ƙetaren iyakar Gana.

Yatsu uku na hannunsa na dama sun ƙandare, ko sukurudireba ba ya iya riƙewa. Mutumin da ake layi a shagonsa ya koma sayar da batura a faranti. Bayan wata biyu ya haɗu da Buraima, wani ɗan Zongo mai fataucin goro, wanda ya ce masa ƙusan nan ƙarin girma ma ya samu. Kwamfutar kuwa gobe za a kai ta unguwar Adidogomé a Lome, wurin wani mai gyara da ya yi karatu a Faransa.

"An ce bai taɓa kasa aiki ba," in ji Buraima. "In kana da saƙo, yau zan koma Lome."

Kalma uku sun isa: kada ya kwance. Amma saƙo yana da mai aikowa, mai aikowa kuma yana da inda yake kwana. Sabitu ya sunkuyar da kai yana jera baturansa.

"Ba ni da saƙo," ya ce. "Ka gai da gida."