Kafar da Hamisu ya toshe

Rana ta yi ja a bayan tafkin Madarumfa, shanu suna dawowa gida. Inna Dije tana tankaɗe a ƙasan bene, ɗiyarta Zahara'u tana yanka kuɓewa, sai dutse ya daki gilashin taga. Hamisu, ɗanta na fari, ya fita da gudu ya zagaya gidan, bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tarar da dutsen a tsakar falo. Daga ciki aka jefa shi.

Shekara tara Hamisu ya yi a Abijan yana zuba kankare a wani dogon bene mai hawa talatin, gidan masu hali. Jikin benen duk gilashi ne, ba tagar da ke buɗewa, na'ura ke hura iska, a can ƙololuwa har da wurin wanka. Bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba, amma ya haddace ginin kamar karatu. Da ya dawo ya rushe gidan ƙasar da marigayi mahaifinsa ya bari, ya ta da ƙaramin irinsa mai hawa uku, baƙin gilashi, ko'ina a liƙe. Niyyarsa ya ajiye su Inna a ciki ya koma. Jakarsa ma a ɗaure take.

A tsohon gidan akwai wata kafa a gindin bangon da ke kallon tafki, faɗin tafin hannu. Ba ta ruwa ba ce. Kullum kafin magariba Inna takan share bakinta. Lokacin gini ta ce masa, "Ka bar wa masu wurin hanyarsu. Ubanka bai taɓa toshe ta ba."

"Inna, a zanen babu rami," ya ce yana dariya. "Macizai za mu yi wa ƙofa?"

Ya zuba kankaren da yamma, yadda suke yi a can don kada zafi ya tsaga shi.

Jifa ta zama ta kullum, da zarar rana ta sunkuya. Daga baya aka fara jin ƙananan muryoyi a bayan bango suna kiran wani suna da ba mai iya maimaitawa. Rana ta huɗu Zahara'u ta ajiye wuƙa, ta miƙe, ta soma bin bango tana shafawa da tafin hannu, daga ƙasa har hawa na uku, ta sauko, ta sake. Ba ci, ba sha. In an kai ta bakin ƙofa sai ta sandare, ƙato uku ba sa iya ƙetarar da ita. Gidan ya yi shiru, sai kukan na'urar sanyi da sautin tafinta a kan siminti.

Rana ta bakwai, leɓɓanta sun tsage, Inna ta aika garin Safo aka zo da Malam Shu'aibu, dattijon da aka sani da ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, ya dubi tagogin ya ce, "Ta ina kuke shaƙar iska a nan?"

Ya zauna ya yi ta karatu har inuwa ta cika falon. Zahara'u ta tsaya cak. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake."

"Wace ce ke? Mi yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi komi ba. Hannu nake nema in lalubi hanya, nata na samu. Tun kafin kakansu nake nan. Ɗiyana sun fita tafki da yamma, ni ina ciki, wancan ya zuba dutse a kan ƙofata. Su ne kuke ji suna kirana."

"Ga ƙofa can, ki fita."

"Taku ce. Kai kana fita ta rijiya?"

Kan yarinyar ya juya a hankali wajen Hamisu. "Ka gina wa wasu sama, ka dawo ka gina mana kabari. A rushe shi duka."

"Ba za a rushe ba," in ji Malam. "Uwarsu a ina za ta kwana? Kafarki za a mayar miki, yadda take."

Muryar nan ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"To. Amma da hannunsa, kafin rana ta faɗi. Kuma wanda ya toshe ta, shi zai riƙa sharewa, kowace magariba. Ran da na tarar da ƙasa a bakinta, na san inda hannu yake."

Malam ya juya. Ya dubi Hamisu. Kowace magariba. Hamisu ya tuna jakarsa da ke sama, ya dubi ƙafafun ƙanwarsa da suka kumbura.

"Na yarda," ya ce, da ƙyar.

Ya ɗauko guduma. Kankaren nasa ne, ya haɗa shi da kyau, bai ba shi sauƙi ba. Tafinsa ya fashe, ladan ya fara gyaran murya, sannan ɗan haske ja ya ɓullo a gindin bango. Wata iska mai ƙanshin laka ta shafi idon sawunsa ta wuce. A waje muryoyin suka yi tsit.

Zahara'u ta sulale ƙasa. "Inna," ta ce da muryarta, "ruwa."

Washegari da yamma motar Maraɗi da za ta ɗauki Hamisu ta busa oda a bakin hanya, ta jira kaɗan, ta tafi. Inna Dije ta miƙa masa tsintsiya.