Ruwan Wankin Haliru

Duk wanda ya yi sana'ar wankin ƙarfe a Bodinga a zamanin farar hula na biyu ya san Haliru. Ni kuwa na fi kowa saninsa, don rumfata tana jikin tasa shekara goma sha ɗaya, kuma ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta maƙeran fari. Aikinmu shi ne a kawo awarwaro ko 'yan kunne ko faranti na tagulla, mu goge, mu tsoma a ruwan magani, ya fito da hasken azurfa ko na zinari. Ruwan nan guba ne. Ɗigo ɗaya yakan huda riga.

A shekarar 1982 aka turo mana sabon duba-gari, Malam Arzika, mutum marar wasa. Ya zagaya rumfunanmu, ya ga yadda muke watsa ruwan wanki a kwata, har ciyawa ta daina fita. Ya zauna da shugabanmu, Baba Na'Allah, aka kafa doka: kowa ya haƙa rami, ya shafe shi da siminti ciki da bai, ya riƙa zuba farar ƙasa don ta kashe dafin. Wanda ya ƙi, ƙungiya ta kore shi, hukuma ta rufe rumfarsa.

Shekarar kuwa ta tsuke bakin aljihu ce. Siminti ya yi wuya, maganin wanki ya daina shigowa, mata sun daina kawo kayan ado. A wurin taro Haliru ya miƙe yana huci.

"Baba, mu da ba mu samu na hatsi ba, mi za mu yi da rami?"

"Zamna, Haliru," in ji Baba Na'Allah. "Rijiyoyin garin ga ɗiyanmu ka sha. Ko da hannu ne, sai mun gina."

Muka haɗa ƙarfi, muna gina wa juna ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka zo kan Haliru, ba a same shi ba. Ya hau kekensa ya nufi ƙasar Shagari. Abin da ya faru can, shi ya faɗa mini da bakinsa bayan komai ya lalace.

A cikin daji bayan Lambara akwai wani kufai inda mutanen zamanin da suka riƙa narka tama. Ƙasar wurin baƙa ce, cike da kashin ƙarfe, ko akuya ba ta kiwo a can. Ya isa da rana tsaka. A gindin wata busasshiyar tsamiya ya tarar da tsohuwar uwar maƙera, ƙarfen nan da ake ƙira a kai, ta nutse rabi a ƙasa, an ɗaure ta da jan ƙyalle, gashin kaji ya manne a jikinta. Gabanta akwai tukunya cike da koren ruwa mai motsi ba tare da iska ba. Wani boka yana zaune a gefe, tsoho ne, yatsunsa duk sun ƙone ba farce ko ɗaya.

"Mai wankin ƙarhe," in ji bokan tun bai yi sallama ba. "Mi kaka so?"

"Arziki nika so. In wanke abu shi yi hasken da ba shi dushewa."

Bokan ya tsinci wani tsatsattsen zobe a ƙasa, ya jefa a tukunyar, ya tsamo. Haliru ya ce sai da ya kare idonsa saboda hasken zoben.

"Mi za ni biya?"

"Aje kuɗinka. Mai wurin ga ƙishirwa shika ji. Ruwan wankinka kada ka tsare shi cikin siminti, kada ka sa mai farar ƙasa. Bari ƙasa ta sha."

"Shi ke nan?"

"Inda duk ruwan yat tahi, abin da yat tarar nashi ne."

Haliru ya ja da baya. "Ban da mutum. Ni ban ba da jinin kowa."

"Wa yac ce jini? Kai kac ce. Ni ruwa nac ce. In ba ka iyawa, ga hanya."

Haliru ya daɗe tsaye. Ya san abin da ruwan wanki yake yi, ya fi Malam Arzika sani. Amma ya durƙusa. Bokan ya kama hannayensa biyu ya danna cikin tukunyar har gwiwar hannu, yana kiran wasu sunaye. Ruwan sanyi ƙarara, in ji shi, kamar hannun gawa. Sannan ya ba shi dunƙulen kashin ƙarfe ya ce ya ajiye a gindin durom ɗin wankinsa.

Da ya dawo ya tashi daga kasuwa, ya mai da aikinsa bayan gidansa. Ya gina rami mai kyau, bakinsa da bangonsa duk siminti, amma gindinsa ƙasa ce tsura, ya rufe da tsakuwa. Malam Arzika ya leƙa, ya sa hannu a takarda.

Kafin wata uku sunan Haliru ya kai Sakkwato. Kayansa ba sa dushewa. Kakar zaɓe ta zo, 'yan siyasa suna aiko da faranti da kofuna da lambobin ƙirji buhu-buhu, matansu suna aiko da sarƙoƙi. Ya sayi mota, ya ɗora bene. Da aka zo zaɓen ƙungiya ya raba wa mutane shadda, suka tuɓe Baba Na'Allah suka naɗa shi. Kunyata a duniya ita ce ni ma na ɗaga hannu. Abu na farko da ya sa ni rubutawa shi ne, ƙungiya ta daina zagayen duba ramuka. Da Malam Arzika ya fara tambayar me ya sa ramin Haliru ba ya cika alhali ya fi kowa aiki, sai wani babban abokin cinikinsa ya sa aka yi masa canjin wurin aiki zuwa nesa.

Akwai rijiya a tsakar gidan Haliru, wadda maƙwabta ma suke ɗiba. Wata rana ya ce wa matarsa Zulai kada a ƙara shan ruwanta, za a riƙa kawo musu na famfo a mota.

"Don mi, Malam? Rijiyar ga tun ta kakanka."

"Mun wuce shan rijiya yanzu," ya ce. Maƙwabta kuwa bai ce musu komai ba.

Tumakin unguwa suka fara mutuwa. Albasar da ke lambun bayan gida ta ruɓe a ƙasa. Sai yara biyu na gidan maƙwabcinsa suka kwanta da ciwon ciki, suka rasu mako guda tsakani. Haliru ya je gaisuwa da buhun gero, ya zauna a kan tabarma yana amsa addu'a.

'Yarsa ɗaya ce a duniya, Safinatu, tana aure a Dingyaɗi. Yarinya ce mai fara'a, tun tana ƙarama takan kawo mana fura rumfa ta tsaya tana duba fuskarta a farantin da ubanta ya goge. Ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, namiji. Kwana huɗu da haihuwa aka shiga wahalar mai, motar ruwa ba ta zo ba, Haliru kuma yana Sakkwato kai kaya. Mai jego tana bukatar ruwan wanka da na kunu. Zulai ta ɗauki guga. Kwana uku tana dafa wa 'yarta kunun kanwa da ruwan rijiyar, tana ɗura wa jaririn.

Ranar suna aka yi jana'izar jaririn da hantsi. Safinatu ta bi shi bayan la'asar.

Da Haliru ya dawo daga Sakkwato, ya shigo ya ga gugan a jiƙe a bakin rijiya. Ya ƙwala ihu, ya kama kafaɗun Zulai.

"Ba na hana ku ba? Ba na ce kada a sha ba?"

Zulai ta dube shi, idonta a bushe. "Ka ce mun wuce shan rijiya. Ba ka ce akwai mutuwa ciki ba. Ashe ka sani, Malam? Ka sani, kab bar ni na ba ɗiyata da hannuna?"

Maganar hankali ta ƙarshe da aka ji daga bakinta ke nan. Washegari aka same ta tana dama kunu, tana kiran Safinatu ta zo ta sha tun da zafi. Haka ta riƙa yi kullum har 'yan'uwanta suka zo daga Horo Birni suka tafi da ita a ɗaure.

Haliru ya koma kufan nan kamar zai tashi sama. Ya tarar da bokan inda ya bar shi.

"Na ce maka ban da mutum!"

"Ni ban taɓa kowa ba," in ji tsohon. "Wa yag gina ramin? Wa yaz zuba ruwan? Tahi, mai wurin ya ƙoshi da kai."

A makon nan duk abin da Haliru ya taɓa wankewa ya rikiɗe ya yi baƙi ƙirin, yana bar wa mata ƙuraje a wuya da kunne. Aka riƙa zuwa ana watsa masa su a ƙofar gida. Soja suka karɓi mulki, manyan abokan cinikinsa wasu suka gudu, wasu aka tsare. Aka dawo da Malam Arzika. Ya sa aka kwashe tsakuwar ramin a gaban jama'a, kowa ya ga gindinsa. Rijiya bakwai aka toshe a unguwar. Baba Na'Allah ya tsaya yana kallo, hawaye na bin gemunsa, mu kuwa muka kasa haɗa ido da shi.

Hannayen Haliru suka fara ruɓewa daga yatsu zuwa gwiwar hannu, daidai inda ruwan tukunya ya tsaya. Ni kaɗai nake kai masa abinci, ina ba shi a baki. A nan ya ba ni labarin nan duka, yana kuka kamar yaro. Ya rasu da damina a zauren gidan, mutum shida muka sallace shi.

Ku masu sana'a, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai ba ku dukiya ba da guminku ba, ya riga ya zaɓi abin da zai ɗauka a gidanku, kuma ba zai ɗauki wanda kuka ƙi ba. Haliru ya ci daularsa wata goma sha tara. Yara uku da 'yarsa suna kabari, Zulai kuwa ta shekara ashirin da ɗaya tana dama kunu kafin Allah ya karɓi ranta.