Kunnuwan Shanun Murjanatu

Hantsi ya dubi ludayi, Murjanatu na durƙushe a garken Baffa Ɗantsoho a wani ƙauye kusa da Mashi, tana tatsar saniya, hawayenta na ɗiga gefen ƙwarya. Shanu bakwai ne a garken, kuma duka nata ne, gadon mahaifiyarta da ta rasu tun tana goye. Amma tun ranar da aka kai mahaifinta makwancinsa, ƙaninsa Ɗantsoho ya kora su gidansa, ya ce shi ya saye su a kara, kasuwar shanu, da guminsa. Ita ke tatsa, ita ke kwashe kashi, amma ko kurɓi ɗaya na nonon ba ta isa ta kai bakinta ba. Ranar da yunwa ta sa ta lashi bakin ludayi, da igiyar ɗaure maraƙi ya zane ta... Allah sarki, maraici!

A haka Adawiyya, 'yar maƙwabta da ke karatu a Katsina, ta zo hutu ta tarar da ita. Da ta ga shatar igiya a bayanta sai ta fashe da kuka, ta ɗauke ta a waya tana ba da labarinta, ta watsa da taken "A Maido wa Murjanatu Shanunta". Kafin kwana uku labari ya karaɗe duniya. Daga Kano, daga Maraɗi, har daga Makka mutane na rubuta Allah ya isa, wasu suka sa fuskarta a madadin hotonsu. Murjanatu ta yi ta godiya ga Allah, ta ɗauka wahala ta ƙare.

Ina! A majalisar bakin tasha dariya aka yi ta yi, ana tambayar ko waya ta taɓa kwance saniya daga turke. Wasu a wayar ma suka juya, suka ce shiri ne, an koya mata kukan don a yi suna da ita. Baffa Ɗantsoho kuwa ya watso mata tsummokaranta waje, ya ce ta tona asirin gida, ta je masu wayar su ba ta ɗaki. Mahaifiyar Adawiyya ce ta tsugunar da ita. Mako biyu bai cika ba duniya ta koma kan wani labarin, masu hoton fuskarta suka sauke, ba wanda ya tako ƙauyen ko da sau ɗaya.

"Da na sani ban ɗauke ki ba," in ji Adawiyya. "Ni na ƙara miki wahala."

"Ba laifinki ba ne, Yaya. Amma wallahi ban yafe masa ba... Kowace sallah sai na kai ƙararsa."

Da azzalumin ya yi shiru, da ya ci bulus. Sai dai alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Zuciya ta raya masa shi ma ya rama a wayar, ya kunyata yarinya a idon duniya. Ya sa aka ɗauke shi a tsakiyar garke cikin babbar riga, yana yi irin na 'yan kara: ya kamo kowace saniya ta kunne, ya juyo da kanta a gani, yana rantsuwa da Allah cewa a kasuwa ya saye su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan hoton ne ya isa Kongolam ranar kasuwa, inda ake ta miƙa waya hannu zuwa hannu ana dariya. Cikin masu kallo akwai Hamma, wani dattijon makiyayi da ya shekara goma sha biyar da garkensa a cikin Nijar, yayan mahaifiyar Murjanatu. Bai san karatu ba, bai kuma san me ake rubutawa a ƙasa ba, amma ya san kunne. Tsaga biyu a hagu, guntun yanka a dama: shaidar gidansu ce tun kakanni, kuma da wuƙarsa ya yi wa manyan shanun ita, ranar da ya ba ƙanwarsa su za a kai ta ɗakin miji. Sandarsa ta faɗi ƙasa, ya ce a nemo masa babur.

A gaban alƙali a Daura, Hamma ya kawo dattawan ruga uku, ya kuma koro saniyarsa guda aka gwada kunnuwa, ba bambanci. Aka ce Ɗantsoho ya faɗi dillalin da ya sayar masa, ya kama inda-inda, gumi ya jiƙa babbar rigar. Alƙali ya hukunta a mayar wa marainiya shanunta har da maruƙan da suka haifa, shi kuma a wuce da shi gidan yari saboda cin dukiyar maraya da dukan da ya yi mata. Su kuma 'yan majalisar bakin tasha har yau gardama suke yi, wasu na cewa waya ce ta yi aiki, wasu na cewa bakin Ɗantsoho ne ya kashe shi.

Da za a fita da shi daga kotun, ya tsaya gaban Murjanatu yana hawaye, ya ce ta dubi zumunci, shi ƙanin ubanta ne, ta yafe masa. Mutane suka sa baki, har Kawu Hamma ya ce haƙuri ya fi. Murjanatu ta dubi Baffa Ɗantsoho ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

"Shanu dai alƙali ya karɓo mini, Baffa," ta ce. "Yunwar da dukan kuwa, sai mun tsaya gaban Allah."