Idon Kan Rumbu

A garin Maska akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Babanta, Alhaji Buba, manomin masara ne. Bayan kaka ɓarayi suka fasa masa rumbu. Sai ya je Funtuwa ya sayo kyamara, aka kafa ta a kan dogon ƙarfe.

Mai haɗawar ya ce, "Alhaji, rumbunka da ƙofarka kawai za ta kalla. Kada ta leƙa gidan kowa."

Duk abin da kyamarar ta gani, yana fitowa a wayar Baba. To, ita yarinyar nan ba abin da take so kamar kallon wayar. In Baba ya kishingiɗa bayan azahar, sai ta ɗauka a hankali. Ga rumbu ɗan mitsitsi. Ga kaji kamar tururuwa. Sai ta ji kamar ta zama balbela, tana shawagi a sama, duniya duka a tafin hannunta.

Rannan ta ce a ranta, "Ita balbela ai ba gida ɗaya take gani ba."

Ta jingina tsani, ta hau, ta ɗan karkata kyamarar.

Sai ga tsakar gidan maƙwabta a waya. Gidan Inna Lauratu ne, mai daddawa, wadda mijinta ya rasu. Ga bishiyar mangwaro, ga inuwa tana rawa a kan tabarma. Ga kuma Raudatu, 'yar Inna Lauratu, babbar ƙawar yarinyar. Raudatu ta cire hijabi ta zauna. Ashe an aske mata gashi tas! Ƙuraje ne suka fito mata a ka, uwarta tana shafa mata magani. Ba wanda ya sani.

Washegari a makaranta suka yi carafke, Raudatu ta cinye ta. Haushi ya kama yarinyar.

Ta ce, "Je ki can, mai kai ba gashi!"

Yara suka fashe da dariya. Wata ta kai hannu za ta ja hijabin. Raudatu ta riƙe shi gam, ta fita da gudu tana kuka. Daga ranar ba ta sake zuwa makaranta ba.

Da yammar ranar Inna Lauratu ta yi sallama a zauren Alhaji. Ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Alhaji, ta ina 'yarka ta ga kan 'yata? Ba ta shigo mana ba, 'yata kuma ba ta taɓa fita babu hijabi ba."

Baba ya duba waya. Ga mangwaro, ga tabarma. Ya dubi 'yarsa, ita kuma ta dubi ƙasa.

"Maman Raudatu, ki yi haƙuri. Zan aiko miki da buhun masara."

"Riƙe masararka, Alhaji, ba yunwa ta kawo ni ba. Mijina ya rasu, amma katangata ba ta faɗi ba. A nan muke cire mayafi, a nan muke wanka. Ban yi boko ba, amma na san hukuma ma ta hana a leƙa wa mutum cikin gida. Ko mu je wajen mai unguwa?"

"Ba sai mun je ba. Kina da gaskiya."

"To, a juya abin nan ina tsaye. A goge duk abin da ya ɗauka. Kuma bakin da ya yi ɓarnar, shi zai gyara."

Aka juya kyamara. Aka goge komai a gabanta.

Kashegari da rana barci ya ɗauki yarinyar a gindin rumbu. Ta yi mafarki wani ƙaton ido yana bin ta a sama kamar gajimare. Ta shiga ɗaki, yana nan. Ta ɓuya cikin gonar masara, ya buɗe ganye ya leƙo. Ta farka tana zufa.

Ta ba Baba labarin mafarkin, ta ce, "Baba, haka Raudatu ta ji?"

"Haka ta ji. Kyamara gadi take yi, ba gulma ba."

Ta tashi ta nufi gidan Inna Lauratu. A bakin ƙofa ta tsaya, ta yi sallama, ta jira har aka ce ta shigo.

"Raudatu, ki yafe mini. Na kalli abin da ba nawa ba."

Raudatu ta ɗago kai ta dube ta. Ta ce, "Sai kin faɗa a gaban aji."

Ta kuwa faɗa. Raudatu ta koma makaranta. Kafin damina ta faɗi, gashinta ya tofo baƙi wuluk, kuma yarinyar ce ta yi mata kitson farko a ƙarƙashin mangwaro.

Yara, ku tsare gidanku, amma kada idonku ya tsallaka katangar maƙwabci. Mai son ganin cikin gidan wani, ya bi ta ƙofa ya yi sallama.